Rumbun Baffa Mai Kunnuwa

Allah ne ya ba mu Gwaggo, shi ne kuma ya karɓi abarsa, dukkanmu can muka nufa. Ta rasu a gidanmu na Lausu bayan an gama shigar da amfanin gona, aka kai ta makwancinta da hantsi. Amma in ka shiga tashar Rano yau ka nemi labarin rasuwarta, ba wanda zai fara maka da jinya ko jana'iza. Ce maka za a yi, "Au, tsohuwar nan da aka rangaɗa guɗa a gidan makokinta?" Gaskiya ne, an yi guɗa ranar sadakar bakwai. Ni ce ma na fara, ni 'yar ƙaninta da ta riƙa tun daga yaye, kuma da za a maimaita ranar da na ƙara ɗaga murya.

Masu gaisuwa kowa da irin tasa. Matan unguwa suna cewa an yi rashin uwa, amma Allah ya yafe mini, na ga alamar waɗansunsu sun ɗan sami sararin numfashi, don Gwaggo ba ta ganin ɗankwali a karkace ta yi shiru. Limamin garinmu ya ce tun suna yara yake jayayya da ita bai taɓa yin nasara ba, ga shi ta tafi ba ta ba shi damar ramawa ba. Sai kuma direbobi. Manyan motoci suka jeru tun daga bakin titi har gindin tsamiyar ƙofar gidanmu, masu albasa da masu shanu da masu wake, ƙarti majiya ƙarfi suna share hawaye da hula. Ɗaya daga cikinsu ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Alhaji, na daɗe ina cin tuwonta, amma wallahi ban taɓa cinye shi cikin kwanciyar hankali ba. Kana kai loma tana jefo tambaya. Yanzu wa zai tambaye mu?"

Akwai kuma wata tsohuwa da aka kawo daga Kibiya a bayan babur, ta sami lungu kusa da rumbu ta zauna da carbinta. Iya muke ce mata. Ita ce matar da Baffa, yayan Gwaggo da Baba, ya bari a ɗaki ya tafi yaƙi. Baffan nan shi ne tambayar da Gwaggo ta yi ta yi wa direbobi fiye da shekara hamsin. Saboda shi na zauna rubuta wannan, don kada a riƙe guɗar a manta dalilinta.

Mu gidanmu gajeru ne, ba ma musu. In aka yi sahu a masallacin Idi, inda layin ya lotsa nan danginmu suke. Kakanmu, wanda ya fi kowa kusa da ƙasa, maginin rumbu ne, irin manyan nan da ake ɗorawa kan duwatsu, bakinsu a sama, sai an hau an ɗaga murfin ciyawa ake ɗebo hatsi. Da ya gaji da yawon aron tsani sai ya yi dabara: yana gini yana fito da 'yan matakai a jikin rumbun kamar kunnuwan tukunya. Mutane suka sa musu rumbu mai kunnuwa. To amma gwiwarsa ta dama ta taɓa gocewa, don haka ya jera kunnuwan suna zagaya rumbun yadda sai da ƙafar hagu za a fara. In ka fara da dama, kamar yadda aka koya wa kowane ɗan Musulmi, kana kaiwa tsakiya ƙafafunka za su harɗe, ba gaba ba baya, sai an zo an sauko da kai. Liman da kansa, yana saurayi, ya taɓa maƙalewa a can yana salati, kuma Gwaggo ba ta taɓa barin ya manta ba.

Baffa kaɗai Kaka ya koya wa wannan gini. Ya gina nasa na farko a tsakar gidanmu, bai daɗe da bushewa ba yaƙin basasa ya ɓarke, aka zo ɗibar samari, ya shiga soja. Gwaggo takan ce, "Ba don yaƙi ake ba ai ba su ɗauke shi ba, bindigar ta kusa fin shi tsawo." Ita a lokacin budurwa ce, Baba kuwa yaro ne ƙarami, ya ce abin da yake tunawa da yayansa bai wuce takalminsa ba.

Wata rana wani soja ɗan wajen Madachi ya dawo da hannu a naɗe, ya zo zauren Kaka da labari. Ya ce an yi musu ƙawanya a daji, shi ya faɗa rami ya ɓuya, ya hango an tasa su Baffa gaba hannuwa a sama, jim kaɗan ya ji harbi. Maza suka yi salati, suka fara wa Kaka gaisuwa. Sai ga murya daga bayan zana, inda Gwaggo take laɓe.

"Ka ga gawarsa?"

Sojan ya ce bai gani ba, amma ya ji harbi.

"Mu ma nan muna jin harbi in maharba sun fita," in ji ta, "ba mu mutu ba."

Aka kore ta cikin gida. Aka yi zaman makoki, Iya ta shiga takaba. Ranar sadakar arba'in aka daka gumba ƙwarya guda aka ajiye za a raba, Gwaggo ta zo ta sungume ta ta kai turke ta kife wa awaki. Ta sha duka ranar har ta kasa zama, amma ba ta yi kuka ba. Tun daga ranar ba ta ƙara sa gumbar sadaka a baki ba, kuma ba wanda ya taɓa jin ta ce Allah ya jiƙan yayanta. In wani ya faɗa a gabanta sai ta ce, "Ya jiƙanmu duka, masu rai," ta kawar da kai.

Da ta yi aure a Rano, mijinta ya rasu ya bar ta da ƙarfinta, sai ta kafa rumfar tuwo a tasha. Mutane sun ɗauka sana'a ce kawai. Ni da na tashi a rumfar na san ofishin bincike ce. Duk direban da ya dawo daga kudu, musamman ƙasar Inyamurai, tuwonsa kyauta ne, da sharaɗin ya zauna kusa da murhu ya ba da bayani. Wane gari ka kwana? Akwai Hausawa a zangon? Ka ga wani gajere, baƙi, mai wushirya, mai saurin fushi? Wani direba ya taɓa ce mata, "Hajiya, wannan ai ke kika kwatanta." Ta bi shi da muciya har bakin motarsa.

Hatsin tuwon kuwa daga gonar Baffa yake fitowa. Bayan rasuwar Kaka da aka zo rabon gado, Gwaggo ta tsaya kai da fata sai da aka fitar da kason yayanta aka kafa masa iyaka. Ita ke sa a nome shi, a zuba amfanin a rumbunsa mai kunnuwa, ita ke sa a yi wa rumbun yaɓe kowace shekara. In sabo ya zo sai a kwashe tsohon a kai tasha. Ranar da wani malami ya ci ya ce Allah ya kai ladan sadakar nan kabarin mamaci, sai da aka riƙe ta. "Wa ya ce maka sadaka ce? Hatsin Yaya ne, da shi ake nemansa. Mai shi yana nan!"

Wannan gona ita ce rigimarta da Baba tsawon rayuwarsu. Baba mutum ne mai haƙuri, amma 'ya'yansa maza sun girma, gona ta yi musu kaɗan, ga kason wanda ba a gani ba yana nan shimfiɗe a tsakiya. Ya taɓa ɗauko Liman takanas ya zo ya yi mata bayanin hukuncin wanda ya ɓace, cewa in shekaru suka yi nisa haka shari'a ta yarda a ɗauka ya rasu a raba abin da ya bari. Gwaggo ta saurara tsaf, har da gyaɗa kai, sannan ta ce, "Malam, na ji karatu, Allah ya ƙara sani. Littafin ya ga gawarsa?" Ta juya kan Baba, wanda take kira Auta har gemunsa ya yi fari. "Kai kuma Auta, ka jira in mutu. Ai ba daɗewa zan yi ba." Ta ƙara shekaru masu yawa bayan nan. Amma kowa ya san maganar haka take: ranar da Gwaggo ta kwanta dama za a shafe iyakar gonar, a rushe rumbun, sunan Baffa ya fita daga gidan.

Iya ma ba ta tsira ba. Da ta gama takaba ta auri wani mutumin kirki a Kibiya, Gwaggo ta yi shekaru ba ta amsa gaisuwarta. Amma shekarar da mijin Iya ya rasu, damina ta kuma rushe mata ɗaki, Gwaggo ta sa aka ɗora dammunan hatsi a amalanke daga rumbun Baffa aka kai mata har gida. Saƙon da ta haɗa da shi shi ne, "A ce mata ciyarwar mijinta na fari ce, ya yi latti." Iya ta yi kuka ta yi dariya, daga nan suka ɗinke, ko da yake Gwaggo ba ta taɓa yarda cewa sun yi faɗa ba.

Ni na shigo binciken ne da na mallaki babbar waya. Na gano ana samun tsofaffin hotunan yaƙin, har da na fursunonin da aka sako bayan an ajiye makamai. Wayyo, ranar da na nuna mata! Ta aika aka sayo mata tabarau, ta ƙwace wayar, ta bi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya, duk sun rame sun dusashe. "Wannan ya yi tsawo. Wannan kunnensa ba namu ba ne. Wannan, kai, wannan ko a mafarki." Ba mu gan shi ba, amma ta ga da idonta cewa an kama mutane da rai kuma an sako su da rai, sai ta zama kamar an rage mata shekara ashirin. Ta ce in nemo mata inda mazan jiya suke taruwa.

Muka fara zirga-zirga Kano. Muna zuwa inda tsofaffin sojoji ke zama a inuwa, ta ajiye musu ƙullin goro, ta buɗe tambaya. Yawancinsu labarin jarumtakarsu suke so su bayar, ita kuwa ba ta da lokacin wannan. Wani ya fara, "Ranar da muka ƙetare kogi," ta ce, "Baba, ka ƙetare lafiya tun da ga ka. An taɓa kama ka?" Haka muka yi ta yi har aka kwatanta mana wani tsoho a can cikin birni wanda ya yi zaman fursuna.

Mun same shi a soro, ba haƙori ko ɗaya a bakinsa, amma ƙwaƙwalwarsa garau. Ya ce a wani kangon makaranta aka tsare su, ana fita da su noman rogo, yunwa tana kashe su tana kashe masu gadinsu. Sunaye kam ya ce bai riƙe ba, kowa da laƙabinsa ake kiransa. Gwaggo ta fara tattara mayafi za mu tashi, sai ya ce, "Akwai dai wani ɗan tsurut da ya cece mu. Ɓeraye ke cinye ɗan abincin masu gadin, su kuma su huce a kanmu. Sai ya ce a ba shi yumɓu. Ya gina musu rumbu, suka daina dukanmu, har suna ɗan tsakura mana. Wani irin rumbu ne na ban dariya, da kunnuwa a jikinsa."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Gwaggo kuwa ta kama hannun tsohon nan da hannu biyu tana girgizawa, ta manta da wata kunya, tana cewa, "Sake faɗa! Don Allah sake faɗa!" Ya sake. Ta tambaye shi ko ɗan tsurut ɗin ya kai ƙarshen yaƙin. Ya ce tare aka buɗe musu ƙofa, da ƙafarsa ya fita. A motar dawowa Rano ba fasinjan da bai ji labarin ba, har direba sai da ya rage gudu don ya ji ƙarshen. Muna isa Lausu ta wuce zaure kai tsaye ta tsaya kan Baba ta ce, "Auta, harbin da aka ji, ba shi aka harba ba."

Daga ranar tambayar tasha ta canza. Ta daina kwatanta mutum, ta koma kwatanta rumbu. Direbobi suka yi ta dariya, suna cewa wa zai gina rumbun ƙasa a inda ruwa ba ya ɗaukewa, inda doya ake ɗaurewa a jikin itace. Ta ce, "Yayana zai gina. Ba ku san taurin kanmu ba." Ni kuma na ɗauki hoton namu rumbun na tura wa duk direban da ke da waya.

Sai da aka ɗauki lokaci, har na fara sanyi. Rannan ina wanki a Lausu, don a lokacin ƙafa ta hana Gwaggo zaman tasha mun dawo gida, sai ga saƙo daga wani direban albasa. Motarsa ce ta lalace a wani ƙauye can ƙasar Inyamurai, ya shiga neman ruwa. Na buɗe hoton, na saki ihu har kaji suka watse. Ga bishiyoyin kwakwa, ga ayaba, ga wata rumfar kwano, a ƙarƙashinta kuma ga rumbu zaune kan duwatsu, da kunnuwansa suna zagaya shi. Na ruga ɗakin Gwaggo da kumfa a hannu. Ta kalla, ta cire tabarau ta goge ta mayar, ta ce, "Wuyan ya ɗan karkace. Aikinsa ne, bai taɓa iya wuya ba."

Garinmu sai an hau dutsen bayan gari ake samun sabis ɗin waya mai ƙarfi. Tsohuwar da ke cewa ƙafa ta hana ta zuwa bakin rijiya, ranar ita ce a gaba. Direban ya kira mu ta bidiyo, ya juya wayar, sai ga fuskar wani mutum mai furfura, gajere, da wushirya. Ɗan Baffa ne na fari. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da abin da uba ke faɗa wa ɗa in ransa ya ɓaci ba. Ya ce, "Sannu Gwaggo," ya rasa abin ƙarawa, sai ya ce, "Kai, rago, tashi, rana ta yi!" Gwaggo ta tuntsire da dariya har na riƙe ta kada ta gangaro, don da wannan maganar Kaka yake tashinsu kowace safiya.

Sauran bayanin da Turancin buroka ya yi shi, direba yana fassarawa. Baffa ya rasu, amma ba a yaƙi ba. Ya tsufa, ya ga jikoki, shekarun baya kaɗan ya cika a kan shimfiɗarsa, aka yi masa sutura yadda addini ya ce. Da aka sako su ya kamo hanyar gida, har ya iso wani babban zango a bakin kogi. Nan ya haɗu da wani falke mai goro ɗan wajen Kibiya, wanda ya kusa sumewa da ganinsa. Shi ya gaya masa an yi sadakarsa ta arba'in, matarsa ta yi aure, har tana goyo. Baffa ya zauna ya yi tunani, ya ce in ya koma ya rushe gidan wani, ya jefa yaron cikin magana. Ya roƙi mai goron ya rufa masa asiri, ya juya. A ƙauyen da aka tsare shi ya zauna, ya yi aure, ya gina rumbu. Ya zuba doya ta ruɓe, ya zuba garin rogo ya yi fumfuna, damina ta narkar da ginin ya sake, har ya gaji ya yi masa rumfar kwano. Haka rumbun ya zauna ba komai a ciki. In an tambaye shi amfaninsa sai ya ce shi ba ya iya barci a gidan da ba rumbu. 'Yarsa ta fari kuma sunan Gwaggo ya sa mata.

Na zaci kuka za ta yi. Ina! Faɗa ta kama yi, a kan dutse, da ƙarfi, kamar yana gabanta. "Matarka kaɗai ka bari a gida? Ni fa? Ni da na sha duka saboda kai? Takwara! Ni na ce ka yi mini takwara? Da ƙafarka nake son ganinka, mai taurin kan tsiya!" Direba ya rasa ko ya fassara. Sai da ta gaji ta zauna, sannan a hankali ta ce, "Allah ya jiƙan Yaya." Ban taɓa jin abin da ya karya mini zuciya ya kuma faranta mini rai lokaci guda kamar wannan ba.

Amma sadaka ta ce ba yanzu ba. Sai ɗansa ya zo ya ɗebo hatsin da hannunsa. Shi kuma ya yi alkawarin zuwa bayan girbi.

Baba bai gamsu ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce zamanin nan hoto ba shaida ba ne, ni da kaina na baza hoton rumbunmu a wayoyin duniya, kowa na iya gani ya kwaikwaya, labarin kuma duk tasha an san shi. Ina zai ɗauki gonar gado ya miƙa wa mutumin da ya gani a waya? Gwaggo ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya ba kowa mamaki. Kawai ta hana ni, ta hana direban, ta hana duk mai baki a gidan ambaton yadda ake hawan rumbun.

Ana cikin yankan gero ciwon ya kwantar da ita. Ta sa aka cika rumbun tana kallo daga ƙofar ɗaki. Da ta ji jikin ba na tashi ba ne ta kira ni da Baba. Ta ce, "Auta, in ya zo kada wanda ya ce masa komai. Ku nuna masa rumbun, ku ce ya ɗebo hatsi. In ya maƙale, raba gonarka, na yafe. In ya hau kuwa, ba sai na gaya maka ba." Baba ya ce ya ji ya yarda. Ta ce, "Ka faɗa da ƙarfi, kunnena ya yi nauyi." Ya faɗa da ƙarfi. Ba ta ƙara kwanaki da yawa ba.

Ranar sadakar bakwai gida ya cika. Ana shirin addu'a sai ga motar albasa ta tsaya, direban ya fito, wani ya diro bayansa. Da ganin tsawonsa aka fara murmushi a zaure, wata tsohuwa a cikin gida ta ce, "La ilaha illallahu, ga Kaka ya dawo." Ya durƙusa gaban Baba yana kuka, don a hanya ya sami labarin rasuwar. Baba ya amsa gaisuwa, amma fuskarsa ba ta saki ba. Na ji ya ce wa Liman a hankali, "Gajeru suna da yawa a duniya, Malam."

Aka shigo da shi tsakar gida, mata suka ja gefe, maza suka cika ƙofa, yara a kan katanga. Baba ya nuna rumbun ya ce a gaya masa ya ɗebo gero. Baƙon ya tsaya ya kalli rumbun, ya shafa jikinsa da tafin hannu. Ya ɗaga ƙafar dama. Wallahi sai na kama hannun Iya na matse. Ashe takalmi yake cirewa. Ya cire ɗayan, ya yi bisimilla, ya ɗora ƙafar hagu a kunnen farko ko dubawa bai yi ba. Ya bi su yana zagayawa, ya ɓace ta bayan rumbun, sai ga kansa ya ɓullo a sama.

Nan na saki guɗar. Ban yi shawara da kowa ba. Matan gidan suka amsa, direbobi suka ɗauki kabbara, wani ya ruga waje ya danna ham. Liman yana ɗaga hannu yana cewa, "Haba jama'a, gidan makoki ne fa!" amma bakinsa ya ƙi rufuwa don dariya, yana ƙarawa da cewa, "Da hagu, wallahi da hagu!"

Shi kuwa ɗan Baffa ya ɗaga murfin ya leƙa, sai ya tsaya cik. Tun yana yaro yake hawan rumbun ubansa, bai taɓa ganin rumbu da hatsi a ciki ba sai ranar. Ga gero cike har wuya. Ya juyo ya dube mu, hawaye na zuba, ya haɗa 'yar Hausarsa ya ce, "Na wa?"

Baba ya tako har gindin rumbun, ya ɗaga kai ya amsa masa.

"Na ubanka ne. Ita ta ajiye masa. Miƙo, ɗana."

Ya miƙo dami, Baba ya karɓa da hannunsa. Kafin wata mace ta motsa Iya ta tashi daga lungunta, ta ɗaura mayafi a ƙugu, ta ce ita za ta fara sa taɓarya. Aka sussuka, aka surfa, aka daka gumba ƙwarya guda. Baba ya ɗauke ta da kansa ya kai zaure ya ajiye gaban Liman, ya ce, "Malam, wannan karon sadaka ce. Ta mutum biyu, Yaya da ƙanwarsa."

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya jiƙan Baffa, ya haɗa su a inda ba a rabuwa, ya ba Baffa haƙurin faɗan da zai sha. Da aka shafa aka fara rabo, ban san dalili ba, sai na tsinci kaina a turke ina duba ko awaki a ɗaure suke. A ɗaure suke, suna ta tuƙa abinsu. Na tsaya nan da gumbata a hannu na yi kukan da ban yi ba tun ranar jana'iza, don wadda za ta kife musu ƙwaryar ba ta nan.